Shekarar da Tsutsa ta Cinye Ciyawar Inna

Na ga abubuwa da dama tun da na baro ƙauye na zauna a Kano. Wasu na manta da su, wasu sai an tuna mini. Amma akwai wata damina guda wadda ko tsufa ya kwashe mini komai, ba na jin zai iya kwashe ta. Ba gobara aka yi ba, ba kuma rasuwa ba. Tsutsa ce kawai, wadda ba ta kai tsawon gaɓar yatsa ba, ta shiga ƙarƙashin ƙasa ta gajiyar da ni irin gajiyar da har yau in na tuna sai na ji kafaɗuna sun yi nauyi.

Lokacin ina haya a Gyaɗi-Gyaɗi, ni da matata da yaranmu, ina tuƙin adaidaita sahu. Da mahaifinmu ya rasu, 'yan'uwa suka taru suka ce Inna ba za ta zauna ita kaɗai a ƙauye ba, kuma tunda ni ne babba, wajena za ta dawo. Ni ma abin da nake so ke nan. Daga baya Inna ta aiko cewa ta yarda, amma ba za ta taho ta bar saniyarta ba. Farar saniya ce da mahaifinmu ya saya mata tun tana maraƙa, ita ta raine ta da hannunta. Na yi ta lallashi, na ce mata birni ba wurin kiwon shanu ba ne, ta ce to, sai ta zauna inda ake kiwon shanun. Haka na je na roƙi mai gidan da muke haya ya ba ni aron kangon da ke jikin gidan, na kafa turke, na yi 'yar rumfa, aka kawo Inna da saniyarta rana ɗaya.

Duk wanda ya taɓa ciyar da saniya a cikin gari ya san abin da na ɗauko. Harawa saye, dusa saye, har ruwan da za ta sha sai 'yan garuwa sun kawo. Ana cikin haka wani Alhaji da nake yawan ɗauka ya ji ina ƙorafi, ya ce yana da fili a bayan Darmanawa, kusa da wani kwari da ruwa ke kwanciya, bai shirya gini ba, kuma mutane sun fara mayar masa da shi juji. Ya ce in je in share in shuka abin da nake so.

A nan na haɗu da Baba Tica. Dattijo ne mutumin Filato, ya yi ritaya daga koyarwa, gidansa na Tarauni, kuma filin da yake nomawa na jikin wanda aka ba ni. Yana da rake, yana da alayyafo da yalo, kullum za ka same shi da tsohuwar hular malafa yana waƙar coci ƙasa-ƙasa yana cira. Shi ya ba ni irin ciyawar giwa, ya nuna mini yadda ake dasa ta gaɓa-gaɓa kamar rake. Ya ce in ta kama, sai dai ka yi ta yanka tana tohowa.

Ta kuwa kama. Shekara biyu muka yi cikin rufin asiri. Da an idar da sallar asuba Inna za ta tatsi saniyarta, ta ɗauki laujenta ta shiga bayan babur, in sauke ta a filin in wuce neman fasinja. Kafin in dawo da hantsi ta yanke ciyawa ta ɗaure dami-dami, tana zaune a gindin wata darbejiya suna hira da Baba Tica a kan ruwan bana da na bara. Yana ce mata Mama, tana ce masa Malam. Yarana suka yi ɓul-ɓul da kindirmo, maƙwabtan da suka yi ta gunaguni a kan warin kashin shanu su ne suka koma aiko kwano da safe. Na riƙa gaya wa kaina cewa na yi dabara, na kawo wa Inna ƙauye har cikin birni.

Wajen ƙarshen damina ta biyu muka fara ganin wasu ƙudaje a kan ganyen ciyawar. Baƙaƙe ne sirara, wasu da jan kai, ba su da kuzari ko kaɗan, kana iya kai hannu ka kama. Ba sa cizo, ba sa bin saniya, ba sa sauka a kan abinci. Bayan 'yan kwanaki suka ɓace. Babu wanda ya kawo komai a ransa.

Da ruwan shekara ta uku ya sauka, muka zuba ido mu ga toho, shiru. Ciyawar da a da kwana kaɗan bayan ruwan fari za ta miƙe ta yi kore shar, sai ga shi ta fito tsilli-tsilli, ganyen rawaya-rawaya, wani gindin ma bai motsa ba sam. Na ce taki ne ya ƙare, na kwaso kashin saniyar buhu-buhu na zuba. Na ƙara da na zamani. Ruwa yana ta zuba, gonakin mutane suna ta yin kyau, namu filin kamar an yi masa aski da tsohuwar aska. Raken Baba Tica ma haka, gindin da ya sare bara bai yi 'ya'ya ba.

Inna ce ta fara cewa a tona. Na sa fartanya na ɗago gindi ɗaya, sai ga su a jikin saiwar, tsutsotsi masu launin ƙasa, gajeru, fatarsu da tauri, ba sa ko motsin kirki. Sun manne wa saiwar sun huhhuda ta, ta yi baƙi ta ruɓe. Na tona wani gindin, haka. Na tona can ƙarshen fili, haka. Inna ta ɗora ɗaya a tafin hannunta ta daɗe tana dubawa, ta ce ta san gwazarma, ta san gara, ta san tsutsar da ke shiga karan dawa, amma wannan ba ta taɓa ganin irinta ba.

Baba Tica yana da wani tsohon ɗalibinsa da ya zama malamin gona, shi ya kira mana. Mutumin ya zo, ya tona da kansa, ya zuba wasu a kwalba ya tafi da su. Da ya dawo ya tambaye mu ko mun taɓa ganin wani ƙuda a wurin, muka ba shi labarin masu jan kan nan. Ya gyaɗa kai ya ce abin da yake zato ke nan. Ya ce dangin ƙudan soja ne, amma kada mu haɗa shi da wanda mutane ke kiwo yanzu don ciyar da kaji da kifi, wancan shara yake ci, ba ruwansa da shuka. Wannan kuwa a ƙasa yake zuba ƙwai, tsutsarsa ta zauna a gindin rake ko ciyawa tana tsotson saiwa, tana iya wuce shekara a ciki kafin ta zama ƙuda. Ya faɗa mana gaskiya cewa shi ma a karatu kawai ya san shi, a wasu ƙasashe masu nisa, ba zai iya rantsewa cewa shi ne sak ba, bai kuma san ta inda ya zo mana ba.

Na tambaye shi maganin da zan saya. Ya ce in riƙe kuɗina, feshi ba ya kai wa inda take, ko ya kai fatarta ba ta ji. Abin da ya fi shi ne in tumbuke ciyawar gaba ɗaya, in kife ƙasar rana ta gasa ta tsuntsaye su tsince, in shuka wake ko gyaɗa, kada in sake kawo ciyawa wurin sai an yi damina biyu.

Na ce, "Malam, saniyar fa? Ita ma damina biyun za ta jira?"

Ya tattara kayansa ya yi mana sallama.

Baba Tica ya bi shawarar. A satin ya sa aka tumbuke rakensa duka, yana tsaye yana kallo, ya ce mini a shekarunsa ba ya jayayya da abin da ba ya gani. Ni kuwa na ƙi. A raina, in ciyawar nan ta tafi saniya ta tafi, in saniya ta tafi Inna ba za ta zauna ba, kuma 'yan'uwa za su ce an ba ni uwa na kasa riƙewa.

Daga nan wahala ta fara. Duk abin da wani ya faɗa sai na gwada. Aka ce toka, na bi gidajen masu tuwo-tuwo da masu ƙosai na kwashe tokarsu. Aka ce ruwan ganyen darbejiya, matata ta yi ta daka har hannunta ya yi kanta, muka jiƙa a duro na yi ta ɗura wa gindin ciyawa. Na sayi maganin feshin da aka hana ni saya, na fesa har kaina ya yi ta sarawa kwana da kwanaki. Na ɗauko kajin matata a kwando na sake su a filin, suka ci suka ƙoshi suka koma inuwa suka kwanta, tsutsa kuwa kamar ba a taɓa ta ba. Daga ƙarshe na koma tsince su da hannu. In tona gindi, in kakkaɓe saiwar, in tsince in zuba a gwangwani, in mayar da ciyawar in danne. Inna tana gefe tana taya ni. Gwangwani ya cika, in ƙona, washegari in dawo in tarar kamar ban yi ba. Na samo sabon iri daga wani wuri na dasa a rabin filin, ya fito gwanin sha'awa, na fara murna, bai kai gwiwa ba ya tsaya, ya yi rawaya, ya kwanta.

Ga kuma saniya tana jiran abinci kullum. Sai na koma yawon yankan ciyawa a bakin hanya da bayan makarantu da filayen da ba a gine ba, har Ƙauyen Alu na sha zuwa. In cika bayan babur da ciyawa in kai gida, in share kujera in fita neman fasinja. Wata mata ta taɓa shiga da farin leshi, ta sauka da ƙaiƙayin ciyawa a jikinta, ta yi mini faɗan da ban iya ko ba ta haƙuri yadda ya kamata ba, don bakina ya yi nauyi. Ciyawar birni kuma ba tsabta gare ta ba, rabinta leda ce, sai an zauna an tsince kada saniya ta haɗiya. Duk da haka ba ta isa. Haƙarƙarinta suka fito ana iya ƙirgawa, nonon ya ragu har ya zama abin da Inna ke tatsa bai rufe gindin ƙwarya ba. Kwanukan maƙwabta suka daina zuwa.

Ban san yadda zan kwatanta gajiyar lokacin ba. Ba irin wadda barci ke warkarwa ba ce. Ina tashi da ita, ina sallah da ita, in na yi sujada sai in ji kamar kada in ɗago. Yarana suka daina rugowa in na shigo, don sun san ba zan ɗaga kowa ba. Matata ta yi magana sau ɗaya, ta ce in duba lafiyata, na ce mata in ba za ta taya ni ba kada ta karya mini gwiwa. Ba ta sake ba, ta ci gaba da dakan darbejiyarta.

Wata rana da azahar, na ɗauko wani mutum da ɗan buhun shinkafarsa, muka shiga cunkoso a titin gidan zoo. Ina riƙe da kan babur, ban san lokacin da idona ya rufe ba. Sai ji na yi ana salati, ƙafar gaba ta faɗa kwata, babur ya karkace, buhun ya fashe a ƙasa. Allah ya tsare, mutumin ko ƙwarzane bai yi ba, ni ne na bugu a wuyan hannu. Jama'a suka taru suka ɗago babur ɗin. Ina jiran zagi, sai mutumin ya dube ni ya ce, "Bawan Allah, je ka gida ka kwanta. Yau shinkafa ce, gobe ɗan wani ne." Maganar nan ta fi mari zafi.

Ban gaya wa Inna ba, amma hannu a kumbure ba ya ɓuya. Washegari na ɗaure shi da tsumma, muka tafi filin kamar kullum. Na ɗaga fartanya da hannu ɗaya na sara, na sake sarawa, sai kawai na ji ƙafafuna sun ƙi. Na zauna a kan kunya. Na so in tashi, jikina ya ce bai san wannan ba. Ina zaune ina kallon filin, ga na Baba Tica a gefe wakensa ya rufe ƙasa, ga nawa faci-faci kamar kan mai makero.

Inna ta ajiye gwangwanin hannunta. Ta je wajen gindin da ya fi kowanne kyan gani, wanda nake ta lallaɓawa, ta kama shi da hannu ɗaya ta ja. Tsohuwa ce, ba wani ƙarfi gare ta ba, amma ya taho mata kamar dama ajiye shi aka yi a kan ƙasa. Babu saiwa ko ɗaya. Ta kawo ta ajiye a gabana.

Kasancewata ɗan fari, Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma cika kallon idona ba. Ranar ta kalle ni sosai ta ce, "Kai, ya isa haka. Ciyawar nan ta mutu tun tuni, kai kaɗai ne ba ka sani ba. Ba zan zauna ina kallo tsutsa ta cinye ciyawa ta haɗa da kai ba."

Na ce mata in na bari, saniyar fa. Ta ce saniya tata ce, ita za ta san yadda za ta yi da ita.

A satin ta sa aka kira mata ƙanenta, kawunmu da ke ƙauye, ya zo da akori-kura. Ita da kanta ta kwance igiyar daga turke, ta ja saniyar har bakin mota, ta shafa wuyanta, ta yi wa kawu bayanin ƙafar da take ɗan ɗingisawa da irin dusar da ba ta so. Na ɗauka za ta ce a ɗauko mata kayanta ita ma. Ba ta ce ba. Motar na tashi ta juya ta shige gida. Baba Tica ya kawo mini ragowar irin wakensa, muka kife filin tare, balbelu suka sauko suka yi ta bin bayanmu suna tsinta. Na yi barci a kwanakin nan kamar wanda aka yi wa duka.

Na zaci magana ta ƙare, har ina jin daɗi a ɓoye cewa ga saniya ta tafi kuma Inna ta zauna. Matata ce ta fara lura. Ta ce mini Inna har yanzu tana tashi lokacin tatsa, ta wanke ƙwaryar, ta kife, ta koma bakin ƙofa ta zauna. Na ce ta riƙa bina filin ta ga wake, ta je sau ɗaya ta ce ƙafarta na ciwo. Abincinta ya ragu. Ba ta ƙorafi, ba ta rashin lafiyar da za a ce a kai ta asibiti, amma kullum kamar ana rage ta. In kawu ya bugo waya, tambayarta ta farko saniya, ta biyu wa ya haihu wa ya mutu a garin, sai ka ji muryarta ta dawo. Ana kashe wayar ta koma shiru.

Wata ranar Juma'a bayan na dawo masallaci, na same ta a kan tabarma, na zauna nesa kaɗan kamar yadda na saba. Na daɗe ina juya maganar kafin na ce, "Inna, tsakaninki da Allah, kina son zaman garin nan?"

Ta gyara zama a kan tabarmar. Sannan ta ce, "Ba wanda ya tambaye ni sai yau. Kun taru kun yanke, na ga kana so, na biyo ka. Da na ce sai da saniya, na ɗauka za ka ce ba zai yiwu ba, in samu hanyar zama a ɗakina. Sai ka je ka yi rumfa."

Ta ɗan yi murmushi ta ce ganin irin wahalar da nake sha a filin nan ne ya hana ta buɗe baki, don kada in ce ban iya riƙe ta ba. Ni ina kashe kaina don ta zauna, ita tana zaune don kada wahalata ta tashi a banza. Ba kuka na yi ba, ba kuma dariya ba, wata sabuwar gajiya ce ta sauko mini, ta duk watannin da na yi ina tsintar tsutsa a gwangwani.

Bayan an cire amfanin gona na mayar da ita gida da kaina. Aka gyara mata ɗakinta, 'yar kawu ta dawo kwana wajenta. 'Yan'uwa suka yi 'yan maganganunsu, na bar su. Ta yi sauran shekarunta a can, ina zuwa duk lokacin da na samu sarari, in same ta a gindin turke tana faɗa da saniyarta, ta yi ƙiba ita da saniyar duka. Filin Darmanawa kuwa ban sake dasa ciyawa a cikinsa ba, kafin damina biyun su cika mai shi ya zo ya sa harsashi. Har yau ban san ko tsutsar ta mutu ko tana nan ƙarƙashin siminti ba.

Abin da shekarar nan ta koya mini ba shi da yawa, amma na biya shi da jikina. In wanda ya sani ya ce maka abu ya mutu, ka tona ka duba, in ka ga haka ne ka haƙura tun da sauran ƙarfinka. Sannan kafin ka ɗora wa kanka wahala saboda wani, ko da uwar da ta haife ka ce, ka zauna ka tambaye shi abin da yake so. Tambayar da na yi wa Inna ranar Juma'ar nan ba ta ɗauke ni komai ba, kuma da ita ya kamata in fara.